Idan Annobar Mura Ta Zo, Wa Za A Fara Ba Gado?



Yau zancenmu a kan mura yake. Na san wani zai ce, mura kuma? Abin da ake sha wa shayi da citta da kanumfari, a lulluɓa, gari ya waye a tafi kasuwa? To ba ita nake nufi ba. Akwai majina da atishawa ta kwana uku wadda kowa ya saba da ita. Akwai kuma mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai da busasshen tari, ta kayar da ƙato warwas. Ita ma tana zagayowa kowace shekara, a wajenmu galibi da sanyin hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ko a shekarar da babu annoba, tana kashe tsakanin mutum dubu 290 zuwa dubu 650 a faɗin duniya. Sai dai lokaci zuwa lokaci ƙwayar takan sake kama gaba ɗaya, ta fito a siffar da jikin yawancin mutane bai taɓa gani ba, ta game duniya cikin 'yan watanni. An ga haka a 1918, da 1957, da 1968, da 2009. Babu likitan da zai iya gaya maka ranar ta gaba, babu kuma wanda zai ce maka ba za ta zo ba.

To a irin wannan rana, su wa ke cika gadajen asibiti?

Idan na tsayar da mutum goma a bakin kasuwa na yi musu wannan tambaya, ina jin yawancinsu za su ce tsofaffi. Ba su da laifi. Korona ce ta koya mana haka, kuma a kan korona gaskiya ne: gwargwadon yawan shekarun mutum, gwargwadon haɗarinsa, yara kuwa yawanci ta wuce su da sauƙi. Murar kowace shekara ma haka take a ƙasashen da ke ƙirga majinyatansu da kyau. A Amurka, 'yan shekara 65 zuwa sama su ne rabi ko fiye na waɗanda mura ke kwantarwa a asibiti, kuma su ne kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari na waɗanda take kashewa. Abin da ke damuna shi ne kada mu ɗauki wannan darasi mu ɗora shi a kan annobar mura, domin tarihi ya nuna ita ba ta bin wannan tsari.

Mu koma 2009, tunda da yawanmu muna tunawa. A watan Afrilu aka gano sabuwar ƙwaya, H1N1, a Meksiko da jihar Kalifoniya ta Amurka. Ita ce gidajen rediyo suka riƙa kira murar aladu, sunan da ya sa wasunmu suka ɗauka ba ta shafe mu ba, alhali daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Ranar 11 ga Yuni shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wancan lokaci, Dakta Margaret Chan, ta ayyana ta a matsayin annoba. Ba a janye wannan sanarwa ba sai 10 ga Agusta, 2010.

Tun a watannin farko likitocin Amurka suka bi diddigin mutum 272 da aka kwantar. Kashi 45 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 18. 'Yan 65 zuwa sama kuwa kashi 5 kacal. Kashi ɗaya cikin huɗu na majinyatan sai da aka shigar da su sashen masu tsananin ciwo, kashi 7 cikin ɗari suka rasu. A Kalifoniya, cikin mutum 1,088 da aka kwantar ko suka rasu, rabinsu ba su wuce shekara 27 ba, kuma idan aka auna da yawan jama'a, jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne suka fi kowa shiga asibiti. A Ostareliya da Niyu Zilan, inda sanyinsu ke faɗowa daga Yuni zuwa Agusta, mutum 722 aka shigar sashen masu tsananin ciwo a wata ukun nan. Fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su kai shekara 65 ba. Ma'aikatan da suka saba ganin dattijo a kan na'urar numfashi sai ga su da ɗalibi, da magidanci ɗan shekara talatin, da mace mai ciki wata takwas.

Bayan ƙura ta lafa, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da ƙiyasin shekara guda. Ku ɗan ba ni haƙuri da alƙaluma, domin a cikinsu maganar take. Kimanin mutum miliyan 61 suka kamu, aka kwantar da kimanin dubu 274, kusan 12,500 suka rasu. Cikin waɗanda aka kwantar, yara 'yan ƙasa da 18 kimanin dubu 87 ne, 'yan 18 zuwa 64 kimanin dubu 160, tsofaffi kimanin dubu 27. Wato a cikin kowane gado goma, tara na yara ne da masu jini a jika.

Kada kuma wani ya tafi gida ya ce an faɗa a rediyo cewa tsoho ba ruwansa. Tambayoyi uku ne a nan, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Wa ya fi kamuwa? Wa ya fi kwanciya a asibiti? Wa ya fi mutuwa? Amsoshin ba ɗaya ba ne. A wancan ƙiyasi na Amurka, yaran da suka rasu kimanin 1,280 ne. Idan ka auna da dubu 87 da aka kwantar, kusan ɗaya ke nan cikin 70. Manya kuwa, ko masu matsakaicin shekaru ko tsofaffi, kusan ɗaya ne cikin 17. A Kalifoniya, waɗanda suka kai shekara 50 zuwa sama, idan har ciwon ya kai su asibiti, kusan ɗaya cikin biyar bai fito ba. Wani nazari da ya haɗa bayanan ƙasashe 19, na majinyata kimanin dubu 70, ya zo da magana iri ɗaya: yara 'yan ƙasa da 15 sun fi kowa haɗarin kwanciya, 'yan 50 zuwa sama sun fi kowa haɗarin mutuwa. Yaro ya fi shiga asibiti amma ya fi fitowa da ƙafarsa, matuƙar ya samu abin da yake bukata a kan lokaci. Dattijo bai cika kamuwa ba a wannan shekarar, amma in ta kama shi ba ta sake shi da sauƙi.

Me ya kare tsofaffi daga kamuwa? Amsar tana ba ni sha'awa ƙwarai. Garkuwar jikin ɗan Adam kamar maigadin unguwa take: ɓarawon da ya fara kamawa yana sabon shiga aiki, ba ya manta fuskarsa har ya tsufa, kuma ko ɗan'uwan ɓarawon ya gani daga nesa sai ya ɗaga gora. Dangin H1N1 sun yi ta yawo a duniya daga 1918 har 1957, lokacin da wata ƙwayar, H2N2, ta zo ta ture su. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a waɗannan shekaru, murar da jikinsa ya fara sani 'yar gidan su ta 2009 ce. Da aka gwada jinin da aka adana tun kafin annobar, sai aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka haifa kafin 1950 suna da garkuwar da ta gane sabuwar ƙwayar. Waɗanda aka haifa bayan 1980 kuwa kashi 4 ne cikin ɗari. Ashe ba ƙarfin jiki ne ya raba su ba, shekarar haihuwa ce.

Wannan ya kai mu ga babbar annoba, ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa. An ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50 a duniya, fiye da waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. Ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na wannan shekara, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa Nijeriya ta rasa kimanin mutum rabin miliyan, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. Abin da ya fi girgiza likitocin zamanin shi ne su wa take ɗauka. An saba mura ta ɗauki jariri da tsoho. Wannan ta ɗauki su, ta kuma ƙara da 'yan shekara 20 zuwa 40, majiya ƙarfi, masu noma da masu shayarwa. A bayanan wasu biranen Amurka da Kanada, mutuwar ta fi tsanani a kan 'yan shekara 28 ko kusa da haka. Ɗan shekara 28 a 1918 an haife shi ne wajen 1890, daidai lokacin da wata annobar ta taso daga Rasha ta zaga duniya. Shi ya sa masana da dama ke ganin jikinsu ya fara sanin wata mura ce daban, ya shirya mata, sai aka zo masa da wadda ba ta yi kama da ita ba. Akwai kuma abin da binciken gawarwakin wancan lokaci ya tabbatar: yawancin mamatan ba murar kaɗai ta kashe su ba. Ita ta raunata huhu, sannan wasu ƙwayoyin cuta suka bi sahu suka haddasa ciwon nimoniya, a zamanin da ba a san fenisilin ba tukuna.

Ta 1957 da ta 1968, kowacce ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Ba su kai ta 1918 muni ba, amma su ma kason 'yan ƙasa da 65 a cikin mamatansu ya fi na shekarun da aka saba.

Akwai wasu da teburin shekaru ke ɓoyewa, domin a takarda suna cikin rukunin da ake ganin ya fi kowa lafiya. Mata masu juna biyu nake nufi. A 2009, a Amurka, masu ciki ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, amma su ne kashi 5 na mamata, kuma haɗarin a kwantar da su ya ninka na sauran mutane kusan sau huɗu. A wancan sashe na masu tsananin ciwo a Ostareliya da Niyu Zilan, kashi 9 cikin ɗari masu ciki ne. A Afirka ta Kudu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwar farko da aka tabbatar, mata ne masu ciki ko masu jego. A 1919 wani likita a Amurka ya tattara labarin mata masu ciki 1,350 da suka kamu da annobar 1918, ya tarar kashi 27 cikin ɗari sun rasu. Dalilin a fili yake. Idan ciki ya tsufa, mahaifa na tokare huhu daga ƙasa, wurin shan iska ya ragu, ga shi jikin na bukatar iska ta mutum biyu, garkuwar jiki kuma ta ɗan sassauta domin ta riƙe abin da ke cikin. Haɗarin ya fi yawa a wata ukun ƙarshe, kuma ba ya gushewa ranar haihuwa, yana bin mace har cikin makonnin farko na jego. Saboda haka iyaye mata, ke uwar miji, ke unguwarzoma, idan mai jego ta tashi da zazzaɓi da tari tana haki, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta a duba ta a ranar.

Su ma masu asma, da ciwon suga, da ciwon zuciya ko na ƙoda, da tarin fuka, da cuta mai karya garkuwar jiki, da masu ƙiba mai yawa, shekarunsu ba sa kare su. Cikin waɗancan majinyata 272 na Amurka, kashi 73 cikin ɗari suna da wata lalura tun kafin murar. Amma ku juya lissafin: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu lafiyarsu lau.

Mahajjatanmu na 2009 za su tuna cewa hukumomin Saudiyya sun shawarci 'yan sama da 65, da yara 'yan ƙasa da 12, da masu ciki, da masu daɗaɗɗen ciwo su ɗaga tafiyarsu zuwa wata shekara. Da irin wannan lissafi aka yanke shawarar. Da shi kuma Amurka ta tsara su wa za a fara yi wa allura da rigakafin ya fito a ƙarshen shekarar: masu ciki, masu renon jarirai 'yan ƙasa da wata shida, ma'aikatan lafiya, 'yan wata shida zuwa shekara 24, sai manya masu lalura. Tsofaffi masu lafiya, waɗanda kullum su ne a gaba, a wannan karon aka ce su dakata.

Yanzu bari mu dawo gida, domin duk alƙaluman da na karanto na ƙasashen da ba su yi kama da mu ba ne ta fuska biyu.

Ta farko, yawan yara. A Nijeriya fiye da kashi 40 cikin ɗari na jama'a ba su kai shekara 15 ba, 'yan 65 zuwa sama kuwa kimanin kashi 3 ne. A Nijar kusan rabin jama'a ne 'yan ƙasa da 15. Annobar da ta fi kwantar da yara, a ƙasar da rabinta yara ne, ba ɗakin maza manya za ta cika ba. Ɗakin yara za ta cika. Kuma duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin yara na babban asibiti a ƙarshen damina ya san yadda yake ko ba annoba: yaro biyu ko uku a gado ɗaya, uwaye a kan tabarma, tukunyar iskar oksijin guda ana jiran wanda zai saki. Yaranmu kuma ba daga tudun lafiya suke faro jinyar ba. Wani na fama da tamowa, wani na shaƙar hayaƙin murhu tun yana goye, wani sikila gare shi, a ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kimanin dubu 150 duk shekara. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar dubu 162 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. A shekarar da babu annoba ke nan.

Ta biyu ta fi ci mini rai. Idan aka ce an kwantar da mutum kaza, ana ƙirga wanda ya isa asibiti ne, aka duba shi, aka samu gado, aka rubuta sunansa. A ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida, wannan adadi na kusa da adadin masu tsananin ciwo. A ƙauyen da ke da nisan awa biyu a kan babur, inda sai an sayar da akuya kafin a yanki kati, ƙarancin majinyata a gado ba ya nufin ƙarancin ciwo. A 2009 mutuwar da aka tabbatar da gwaji a duniya baki ɗaya kimanin 18,500 ce. Da masana suka sake lissafi a 2012, suka ƙiyasta tsakanin dubu 151 da dubu 575 a shekarar farko kaɗai, kashi 80 cikin ɗari 'yan ƙasa da 65, kuma kusan rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Mu da muka ɗauka ta tsallake mu, ba ta tsallake mu ba. A Afirka ta Yamma ta makara ne, sai wajen farkon 2010 ta bazu sosai, lokacin da hankalin duniya ya riga ya koma wani wuri. Waɗanda ta ɗauka an ce zazzaɓi ne, an ce ciwon haƙarƙari ne, an yi musu sutura babu wanda ya ɗebi majinarsu ya gwada. Allah ya jiƙansu.

Shi ma rigakafin haka ya makara. Ƙasashe masu hali sun riga sun kama layi a kamfanoni tun kafin a sarrafa shi. Allurai kusan miliyan 78 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba wa ƙasashe 77, yawancinsu sun isa ne cikin 2010, bayan guguwar ta wuce. Wannan na cikin abin da ya sa a 2011 ƙasashe suka amince da wani tsari na musayar samfurin ƙwayoyin mura da kuma rabon amfanin da ke fitowa daga gare su. Korona ta nuna mana cewa alkawarin takarda ba shi ke kawo allura da wuri ba. Don haka ni a ganina watannin farko na kowace annoba da abin da ke hannunmu za mu yi su.

Me ke hannunmu? A gida, ido da agogo. Yawancin masu mura, har a lokacin annoba, a gida za su warke da hutu da ruwa da farasitamol, kuma ba alheri ba ne kowa ya kwasa zuwa asibiti ya tare wa mai bukata hanya. Abin da ake so shi ne a gane wanda bai kamata ya kwana a gida ba. Uwa, ki ɗaga rigar yaron lokacin da ya natsu, ba yana kuka ba, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, in ya kai 60, ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kin ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓensa ya canza launi, wannan ba na kemis ba ne. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Ga babba, alamun su ne haki, ciwon ƙirji, ruɗewa, tari da jini, ko kuma a ga sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, wanda sau da yawa shi ne shigowar nimoniya. Tsoho kan yi ciwon ba tare da jikinsa ya yi zafi sosai ba. Sai dai a ga Baba ya daina cin abinci, yana magana ba kan gado, ya kasa tashi alwala. Kada a ce tsufa ne.

Kada a ba yaro mai mura asfirin, yana iya jawo masa mummunan ciwon hanta da ƙwaƙwalwa. Kada kuma a ɗauka duk zazzaɓi na cizon sauro ne. Gwajin ɗigon jini na minti goma sha biyar ne. Idan ya nuna babu, a nemi wani dalilin. Ina nanata wannan ne saboda maganin mura na asibiti, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko, kuma waɗannan kwana biyun su ne muke ɓatarwa muna shan maganin cutar da ba ita ke damunmu ba. Malam maigida, kai ma da naka. Kafin ka fita kasuwa ko ka yi tafiya, ka bar izini, ka bar kuɗin mota. Kada yaro ya wuni yana haki ana jiran ka dawo bayan isha'i.

Akwai yaran da babu uwar da za ta ɗaga musu riga. Almajirai na kwana da yawa a zaure ɗaya, haka ɗaliban makarantun kwana, kuma 'yan wannan shekaru su ne mura ta fi bi ta yaɗu. Meksiko ta rufe makarantunta duka a ƙarshen Afrilun 2009 saboda wannan dalili. Alaramma, Allah ya gafarta Malam, kai ne uwa kai ne uba a tsangaya. Duk shirin da hukuma za ta yi wanda bai zauna da ku ba, bai koya wa gardawa ƙirga numfashi ba, ya bar dubban yara a waje.

Ga hukumomi kuwa, roƙona a kan abin da za a iya yi tun yau ne. Oksijin a ɗakin yara da ɗakin haihuwa, da siraran robobin hanci daidai jariri, domin na manya ba sa yi musu. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar jini, a kowane ƙaramin asibiti. Ba ta da tsada, kuma idan ta nuna ƙasa da 90 ta raba gardama tsakanin wanda zai koma gida da wanda za a tura gaba. Allurar rigakafin nimoniya ta yara, wadda Nijeriya da Nijar suka shigar cikin rigakafin yau da kullum tun 2014, a tabbatar tana isa ga kowane jariri, tunda mun ji abin da ya ƙarasa mutanen 1918. Sai rigakafin mura ga masu ciki. Ba a yi wa jariri allurar mura sai ya kai wata shida, amma idan aka yi wa uwa tana da ciki, garkuwar na ratsawa ta isa gare shi. Gwajin da aka yi a Bangaladash, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna murar da aka tabbatar a jarirai ta ragu da kashi 63 cikin ɗari, kuma wani babban gwaji a Bamako ta ƙasar Mali ya nuna kariyar na aiki a yankinmu ma.

Sannan ƙirga. Nijeriya na da asibitocin da aka ware domin ɗibar samfurin masu mura tun 2008, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Nijar kuma na da cibiyar bincike ta CERMES a Yamai. Amfanin wannan aiki a ranar annoba shi ne a gaya mana cikin makonnin farko shekarun waɗanda ake kwantarwa a nan, a garuruwanmu, a faɗe shi a rediyo da harshen da jama'a ke ji. Da wannan ne za a san ko ɗakin yara za a faɗaɗa ko na manya, ko makarantu za a rufe, da wa za a fara yi wa allurar da ta samu.

Ƙwayar da masana suka fi sa wa ido a yanzu ita ce H5N1, murar tsuntsaye, kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare aka same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Tun daga 2003, kusan rabin mutanen da aka tabbatar ta kama a duniya sun rasu, akasarinsu yara da matasa. A 2024 ta ɓulla cikin shanun madara a Amurka. Har yanzu ba ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba, alhamdu lillahi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda aka haifa kafin 1968 sun fi samun kariya daga tsananinta, saboda irin murar da suka fara gamuwa da ita suna yara. Wata 'yar'uwarta, H7N9, da ta ɓulla a Sin a 2013, tsofaffi ta fi kayarwa, bisa wannan dalili dai amma a juye. To ku duba gidajenku ku ƙirga mutum nawa aka haifa kafin 1968.

A gidajenmu kuma, idan kaza ta fara gyangyaɗi, wa ake cewa ya kama ta a yanka kafin ta mutu? Yaro. Wa ke figewa ya gyara kayan ciki? Mace, wata sa'a da ciki, wata sa'a da goyo. Idan kaji ko agwagi ko zabi suka fara mutuwa da yawa a lokaci guda, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a bar yara su taɓa. A sanar da malamin dabbobi ko mai unguwa, a binne mushen a rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu. Wanda ya taɓa su kuma ya tashi da zazzaɓi cikin kwana goma, ya gaya wa ma'aikacin lafiya maganar kajin tun kafin a tambaye shi.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi.